Wandon Kanar

Laraba a Tandil tikiti rabin kuɗi ne.
Na riƙe hannun babana, Evaristo,
muka shiga sinimar bayan tasha
mai kujerun da ke kuka in an zauna.
Ya zaɓi bakin layi don ya miƙe ƙafar hagu,
wadda sanyin tsibiri ya ci wa yatsu uku
tun yana kurtu, gemu bai tsiro ba.

Aka kashe fitila.

Ga bariki a allo, ga igiyar shanya,
ga wandon Kanar iska na kaɗawa.
Samanja ya daka tsawa: kowa ya sara!
Mai wando ya fita, girma bai fita ba.
Bataliya guda ta ƙame wa wando
tun hantsi har rana ta yi tsaka.
Da ruwa ya sauko aka kulle Kofur,
laifinsa, ya bar babba ba lema.

Ɗaki ya ɗauki dariya.
Baba ya ɗora haɓa kan sanda,
ko gezau.

Janar ya kurɓi miya, ya ce lami ce,
a kawo barkono.
Birgediya ya faɗa wa Kanar,
Kanar ya faɗa wa Manjo, Manjo ya ƙara gishiri,
kafin magana ta gangaro kan masu igiya ɗaya
ta zama barkonon tsohuwa.
Aka buɗe wa kicin wuta.
Kuku ya fito idanu sharkaf,
suka liƙa masa lambar yabo a ƙirji
wai kishin ƙasa ne ya sa shi kuka.

Layi biyu a gabanmu wani tsoho
mai wuya a miƙe kamar an sa masa tsinke
ya fi kowa ƙyaƙyatawa, har da buga cinya.
Baba ya dubi ƙeyarsa, ya daɗe yana duba.

Sai wani ɗan kurtu can gefen allo,
wanda ko suna ba a ba shi ba,
yana feraye dankali, ya waiga, ya waiga,
ya cusa ɗaya cikin hular kwano.
Ba wanda ya lura.
Nan baba ya fashe.
Dariya ta zo da tari, tari ya zo da hawaye,
ya matse min hannu: ba haka ake yi ba,
hula ai ita suke fara dubawa.
Ramiro a safa yake sa nasa.

Shekara arba'in ina jin sunan nan
ta bango, cikin dare, a bakin mai barci.
Yau na fara jin sa da rana.
A kan dankali biyu, in ji baba,
aka ɗaure shi a ƙasa, hannu da ƙafa,
ƙanƙara na zuba.
Ya yi shiru. A allo ana busa bigila,
jaki ya shiga fareti, an ba shi hanya.

Da fitila ta dawo muka haɗu a ƙofa,
mu da mai miƙaƙƙen wuya.
Kyaftin Olazábal, baba ya ce can ƙasan maƙoshi.
Hannunsa na dama ya tashi da kansa,
ya kai rabin hanya zuwa goshi,
sai ya karkata, ya sosa kunne.
Tsohon bai gane shi ba.
Ya ce, fim ya yi daɗi, ko?
Baba ya ce, sun rage abubuwa.

A gida na tarar ban kwashe shanya ba.
Wandon baba na lilo, gwiwa duk faci.
Ya jingine sanda, ya haɗa dugadugai,
ya sara masa, cikakkiya,
irin wadda ya hana Kyaftin.
Sannan ya ce in soya dankali,
in zuba a faranti uku.